Tauraron Wasa da Bindiga a Hannu: Darasi a Kan Tallar Wasannin Kisa da Tarbiyyar Yara

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya girmama ɗan Adam, ya haramta jininsa, ya kuma sanya ƴaƴa su zama amana a wuyan iyayensu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani al'amari da ya samo asali a ƙasashen Amurka da Turai, amma ya iso cikin gidajenmu ta hanyar wayar salula. Al'amarin kuwa shi ne yadda shahararrun ƴan wasa, waɗanda yaranmu suka san sunayensu fiye da sunayen kakanninsu, suke karɓar kuɗi daga kamfanoni domin su yi tallar wasannin bidiyo na harbe-harbe, wato wasannin da ba a cin nasara a cikinsu sai ta hanyar kashe abokan karawa. Za mu ambaci sunayen waɗansu daga cikinsu, domin abin da suka yi a bainar jama'a suka yi shi, duniya kuma ta gani. Aikin za mu auna. Zukatan masu aikin kuwa, Allah ne masaninsu.

Yadda gardamar ta faro

A watan Nuwamba na 2010, kamfanin Activision na Amurka ya fitar da wani wasan yaƙi mai suna Call of Duty: Black Ops. Domin a jawo hankalin masu saye, sai aka shirya wata talla ta talabijin mai tsawon kamar minti ɗaya. A cikinta an nuna mutane irin waɗanda ake gani kullum a kan hanya, da ma'aikaciyar ofis cikin kayan aikinta, da mai dafa abinci, da wata budurwa mai tabarau, kowa riƙe da makami, suna ta ɓarin wuta a cikin wani rusasshen gari, ana kaɗa musu kiɗa. A tsakiyarsu sai ga Kobe Bryant, tauraron ƙwallon kwando na ƙungiyar Los Angeles Lakers, wanda a watan Yuni na wannan shekara ya ɗauki kofin ƙasar karo na biyar. Yana riƙe da babbar bindiga an rubuta laƙabinsa a jikinta, yana harbi cikin nishaɗi. Tallar ta ƙare da saƙon cewa wai akwai soja a cikin kowane ɗayanmu.

Kasuwa ta yi kyau ƙwarai. A cikin awa 24 na farko an sayar da wasan har guda miliyan 5.6 a Arewacin Amurka da Ingila, aka tara dalar Amurka miliyan 360. Sai dai gardama ta tashi a jaridu da gidajen talabijin na wasanni. Daga cikin waɗanda suka ɗaga murya har da wani mai horar da yara wasa a yankin San Faransisko, wanda kuma yake aiki a gidan da ake shirya gawa, ya kuma sha ganin gawarwakin samarin da harsashi ya kashe a unguwannin talakawa. Abin da ya dame shi shi ne, yaran da yake ƙoƙarin nisantarwa daga bindiga su ne suka fi kowa ƙaunar Kobe. Wasu kuma suka tunatar da cewa a farkon wannan shekara ta 2010 hukumar ƙwallon kwando ta NBA ta dakatar da ɗan wasa Gilbert Arenas har ƙarshen kakar wasa saboda ya shigo da bindigogi ɗakin da ƴan wasa ke sauya tufafi. Suka ce, ta yaya za a hukunta wannan saboda bindiga, a kuma ƙyale wancan yana ƙawata ta a idon yara? Masu kare Kobe kuwa suka ce ai wasa ne, kowa ya san ba jini na gaskiya ake zubarwa ba. Kobe Bryant ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a watan Janairu na 2020, amma tambayar da tallarsa ta tayar ba ta mutu ba.

Daga yin talla zuwa shiga cikin wasan

Abin da aka yi wa surutu a 2010 ya zama ruwan dare bayan haka. A 2011 Dwight Howard, shi ma ɗan ƙwallon kwando, ya fito a tallar wani sabon kashi na Call of Duty. A 2016 Michael Phelps, zakaran ninƙaya na wasannin Olamfik, ya fito a tallar wani kashin, aka kuma sanya siffar Conor McGregor, ɗan dambe, da ta Lewis Hamilton, mai tseren mota, a cikin wasan kansa.

Daga nan sai aka juya wajen ƴan ƙwallon ƙafa, waɗanda su ne duniya duka ta sani. A watan Disamba na 2020 kamfanin Garena na ƙasar Singafo ya ƙulla yarjejeniya da Cristiano Ronaldo, aka ƙera wani mayaƙi mai kama da shi, mai suna Chrono, a cikin wasan Free Fire. A 2021 aka sanya Neymar da LeBron James a cikin wasan Fortnite. A watan Nuwamba na 2022, daidai lokacin da ake gasar cin kofin duniya a Ƙatar, aka shigar da Neymar da Paul Pogba da Lionel Messi cikin Call of Duty a matsayin sojoji masu ɗauke da makamai, kowannensu ana sayar da siffarsa da kayan yaƙinsa a kan kusan dalar Amurka 20, wato fiye da jika goma a kuɗinmu na sefa. A wannan watan ne kuma Messi ya bayyana a cikin wasan PUBG Mobile.

A lura da kyau da bambancin da ke tsakanin matakin farko da na biyu. A da, yaro yana kallon tauraronsa a talabijin yana riƙe da bindiga. Yanzu kuwa yaron ne yake sanya jikin tauraron kamar riga, ya ɗauki bindigar da hannun Messi ko na Ronaldo, ya yi kisa da fuskarsu.

A nan ne lamarin ya taɓa mu kai tsaye. Free Fire, wanda ya fito a 2017, an tsara shi ne domin ya yi aiki a kan ƙananan wayoyi masu araha, shi ya sa a 2019 ya zama wasan salula da aka fi saukewa a duniya. Tsarinsa shi ne a jefa mutum 50 a wani tsibiri, kowa ya nemi makami, a yi ta kashe juna har sai mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya ta rage. A PUBG Mobile mutum 100 ake jefawa. Duk wanda ya zaga unguwanninmu da dare, a Maradi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai, zai iske samari da yara a ƙofar gida sun sunkuya a kan waya, yawancinsu kuma da rigar ƙwallo mai sunan ɗaya daga cikin mutanen da muka ambata.

Me kamfanoni ke saye a wurin ɗan wasa?

Domin mu fahimci wannan, sai mu san cewa su kansu ƙasashen da ke ƙera waɗannan wasanni sun yarda cewa ba kowane wasa ne ya dace da yaro ba. A 1993 majalisar dattawan Amurka ta yi zaman sauraron bahasi a kan zubar da jini a cikin wasanni irin su Mortal Kombat, abin da ya sa a 1994 aka kafa hukumar ESRB mai sanya wa kowane wasa alamar shekaru. A Turai ma an kafa irin wannan tsari mai suna PEGI a 2003. Wasannin Call of Duty da muka ambata, a Amurka alamarsu ta ce na ɗan shekara 17 ne zuwa sama, a Turai kuwa na ɗan shekara 18.

To, ga tambaya. Idan kaya na manya ne, me ya sa ake ɗauko mutumin da hotonsa ke manne a ɗakin yara ƴan shekara goma domin ya tallata shi? Alamar shekaru kamar shinge ce da aka kewaye rijiya da shi. Tauraron ƙwallo kuwa, idan ya tsaya a bakin rijiyar yana murmushi, yara za su haura shingen su je wurinsa, ko da ba ya kiran sunan kowa. Masu bin shafin Ronaldo a Instagram sun haura miliyan 600 a 2023, ba wanda kuma ya tantance shekarunsu kafin su ga abin da yake tallatawa.

Ɗan kasuwa ba ya kashe kuɗinsa banza. Abin da kamfani ke saye a wurin ɗan wasa shi ne yardar da masoyansa suka yi masa, wadda ya samu ta hanyar gumi da horo da juriya a filin wasa. Yaro ya ga mutumin da ba ya gajiya, wanda ya tashi daga gidan talaka ya kai inda ya kai, sai ya ba shi zuciyarsa. Kamfani kuma ya zo ya ɗauki wannan yarda ya liƙa ta a kan bindiga. Harkar kuwa ta manyan kuɗi ce, domin a 2023 kamfanin Microsoft ya sayi kamfanin da ke yin Call of Duty a kan kusan dalar Amurka biliyan 69. Su ma maƙeran makamai na gaskiya ba su yi barci ba. Takardun da suka fito fili a 2023 sun nuna cewa kamfanin Remington, mai ƙera bindigogi a Amurka, ya taɓa ƙulla yarjejeniya domin a sanya wata bindigarsa a cikin kashin wasan da ya fito a 2009, da nufin ta samu shiga a wurin matasa.

Abin da masu bincike suka gano

Ya ku ƴan uwa, musulmi ba ya gina hujjarsa a kan ƙari, ko da manufarsa kyakkyawa ce. Saboda haka ga abin da aka tabbatar, ba daɗi ba ragi.

Na farko, an daɗe da sanin cewa yaro yana koyo da ido. A 1961 wani malamin ilmin halayyar ɗan Adam mai suna Albert Bandura, a jami'ar Stanford, ya yi gwaji da yara 72 ƴan shekara uku zuwa shida. Waɗanda suka ga wani babba yana dukan wata ƴar tsana ta roba, da aka bar su su kaɗai sai suka dinga dukanta kamar yadda ya yi, har suna maimaita kalmominsa. Daga baya ya sake gwajin ta hanyar nuna musu fim, sakamakon bai sauya ba. Ya kuma gano cewa idan yara suka ga an hukunta mai dukan, kwaikwayonsu yakan ragu. A cikin wasan harbe-harbe kuwa mai kisa lada ake ba shi, a ƙara masa maki da muƙami da sabon makami.

Na biyu, a 2015 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta duba binciken da aka tara, ta ce akwai alaƙa tsakanin yin wasannin tashin hankali da ƙaruwar zafin rai da faɗa, da kuma raguwar tausayi da son taimakon mutane. Amma ta ce ba a samu isasshiyar hujja ba da za a ce wasannin suna sa mutum ya aikata manyan laifuka irin su kisan kai, ta kuma sake jaddada wannan a 2020. Akwai ma masanan da ke ganin tasirin ƙanƙane ne ƙwarai. Wani bincike na jami'ar Oxford a 2019, a kan matasan Ingila kimanin 1,000 ƴan shekara 14 da 15, bai ga alaƙa tsakanin wasannin da halin faɗa ba. Ƙasashen Japan da Koriya ta Kudu kuma, duk da yawan masu wasan bidiyo a cikinsu, suna daga cikin ƙasashen da kisan kai ya fi ƙaranci.

Na uku, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya jarabar wasan bidiyo a cikin jerin cututtuka, matakin da ya fara aiki a 2022. Alamarta ita ce mutum ya kasa tsai da kansa, ya fifita wasa a kan sauran lamurran rayuwarsa, ya kuma ci gaba ko da ya ga yana cutuwa. Kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa wannan matsayi, amma hukumomi sun ɗauki abin da muhimmanci. A 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa ƴan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu.

Abin da za mu ɗauka a nan shi ne, kuskure ne a ce duk yaron da ya yi wasan Free Fire zai zama ɗan ta'adda. Kuskure ne kuma a ce abin da ido ke gani kullum, hannu kuma ke maimaitawa, ba ya barin alama a zuciya. Mu kuwa ba ma auna tarbiyya da yawan waɗanda suka shiga kaso kaɗai. Yaron da tausayinsa ya ragu, wanda ke dariya idan ya ga wani ya faɗi, wanda ke tsawa ga mahaifiyarsa idan ta katse masa wasa, an riga an yi hasarar wani abu a tare da shi ko da bai taɓa karya dokar hukuma ba.

Ma'aunin addini

Musulunci bai hana wasa ba. Ya zo a cikin Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya bar mutanen Habasha suna wasa da māsu a cikin masallaci ranar idi, Nana A'isha (RA) tana kallo daga bayansa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya yi tseren gudu da ita, ya kuma yi kokawa da Rukana. Imam Gazali ma, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya yi nasiha da a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga karatu, domin hana shi wasa yana kashe masa zuciya ya dusashe masa basira. Amma a wuri guda ya kwatanta zuciyar yaro da dutse mai daraja wanda ba a yi masa zane ba tukuna, mai karɓar duk abin da aka zana masa.

Abin da addini ya tsananta a kansa shi ne alfarmar rai. A aya ta 32 ta Suratul Ma'ida, Allah ya daidaita kashe rai ɗaya ba da hakki ba da kashe mutane baki ɗaya. Muslim ya ruwaito cewa mala'iku suna la'antar wanda ya nuna ɗan uwansa da makami har sai ya daina, ko da kuwa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, malamai kuma sun yi bayanin cewa hanin ya haɗa da mai yi da wasa. Abdullahi ɗan Umar (RA) ya taɓa wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwajin harbi a kansa, da suka gan shi suka watse, ya kuma sanar cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Ko a fagen yaƙi na gaskiya an hana kashe mata da yara, Sayyidina Abubakar (RA) kuma ya yi wa rundunarsa wasiyya da kada ta sare itace mai ƴaƴa.

Gaskiya ne hoton da ke kan allon waya ba rai gare shi ba, wanda ya harbe shi kuma ba a ce ya yi kisan kai. Shi ya sa malaman zamani suka saɓa a kan hukuncin waɗannan wasanni. Majalisar malaman lardin Aceh a ƙasar Indunusiya ta ba da fatawar haramta PUBG da makamantansa a watan Yuni na 2019, wasu malaman kuwa sun rataya hukuncin a kan abin da wasan ya ƙunsa da abin da yake jawowa na tozarta salla da karatu da dukiya. Sai dai duk wanda ya dubi nassosin da muka kawo zai ga abin da shari'a ke son ginawa a cikin zuciya, wato jin nauyin makami da ƙyamar jini. Tallar da ke nuna tauraro yana harbi cikin nishaɗi kuwa, kishiyar wannan take koyarwa.

Mu a wannan ƙasa mun fi kowa cancantar gane haka. Mutanen Difa sun san abin da bindiga ta yi musu tun daga 2015. A jihar Tillaberi an rufe ɗaruruwan makarantu saboda rashin tsaro. Jihar Maradi ta karɓi dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun daga 2019, ƙauyukanta na bakin iyaka kuma sun ɗanɗana sharrin masu satar shanu da mutane. Akwai marayu a tsakaninmu waɗanda ƙarar harsashi ce ta raba su da iyayensu. Bai dace ba a ce a unguwa ɗaya da su, wasu yaran suna ɗaukar wannan ƙara a matsayin abin shaƙatawa.

Uzurin da ba ya karɓuwa

Sau da yawa idan aka yi wa ɗan wasa magana, amsarsa ita ce shi ba uban kowa ba ne. A 1993 Charles Barkley, wani tauraron ƙwallon kwando, ya fito a tallar kamfanin Nike yana cewa shi ba abin koyi ba ne, wasa ake biyansa ya yi, tarbiyya kuwa aikin iyaye ce. Rabin maganarsa gaskiya ne, domin nauyin farko a kan iyaye yake. Sauran rabin kuwa ba ya tsayawa, saboda wanda ya karɓi kuɗin talla ya riga ya yarda cewa mutane suna koyi da shi. Da ba a koyi da shi, da ba wanda zai biya shi ko dala. Ba ya yiwuwa mutum ya zama abin koyi ranar karɓar kuɗi, ya kuma ce shi ba kowa ba ne ranar da aka tambaye shi sakamakon abin da ya tallata. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya buɗe wata mummunar hanya yana da zunubinta da kwatankwacin zunubin waɗanda suka bi ta bayansa, wanda kuma ya buɗe kyakkyawa yana da irin wannan rabo na lada. Aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta umurce mu da taimakon juna a kan alheri da taƙawa, ta hana mu taimakon juna a kan saɓo da ƙetare haddi.

Kada kuma a ce ɗan wasa ba shi da ikon ƙin abin da aka kawo masa. A 2006 Frédéric Kanouté, ɗan ƙwallon Mali, lokacin yana ƙungiyar Sevilla ta ƙasar Sifen, ya rufe sunan wani kamfanin caca da ke gaban rigarsa saboda addininsa. Hashim Amla, ɗan wasan kurket na Afirka ta Kudu, ya ƙi sanya tambarin giya a rigarsa ta ƙasa. A watan Yuni na 2021, a gasar ƙasashen Turai, Ronaldo ya kawar da kwalaben Coca-Cola daga gabansa a taron manema labarai ya ɗaga gorar ruwa, kashegari kuma Pogba, wanda musulmi ne, ya kawar da kwalba mai tambarin giya daga gabansa. Duniya duka ta yi ta maganar abin. Wannan ya nuna cewa mutanen nan sun san nauyin fuskarsu, sun kuma san yara na kallonsu. Abin da ya rage shi ne su auna bindiga da irin ma'aunin da suka auna lemo da giya.

Abin da ya wajaba a kanmu

Ba mu da iko a kan Activision ko Garena, muryarmu kuma ba lalle ta kai kunnen Messi ba. Amma aya ta 6 ta Suratut Tahrim ta ɗora mana kare kawunanmu da iyalanmu daga wuta, hadisi kuma ya tabbatar da cewa kowanenmu makiyayi ne da za a tambaya game da abin da aka ba shi kiwo. Ga waɗansu matakai.

Na ɗaya, uba ya san abin da ke cikin wayar ɗansa. Ya zauna kusa da shi, ya ce ya nuna masa wasan, ya kalla na ɗan lokaci ba tare da faɗa ba. Da yawa daga cikinmu muna saya wa yaro waya da kuɗin intanet, ba mu kuma taɓa ganin abin da ake yi da su ba.

Na biyu, a koyi karanta alamar shekaru. A wurin da ake sauke wasanni a cikin waya, kowane wasa yana da lambarsa a rubuce, kamar 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18. Wanda bai iya ba ya tambayi wanda ya iya. Abin kunya ne a ce wanda ya ƙera wasa ya rubuta cewa bai dace da yaro ba, uba musulmi kuma ya miƙa wa ɗansa ɗan shekara tara.

Na uku, a sanya wa wasa lokaci, a kuma tsaya a kansa. Kada waya ta kwana a shimfiɗar yaro, kada ta shiga tsakaninsa da salla, ko makarantar allo, ko lakwal, ko aiken mahaifiyarsa.

Na huɗu, a fahimtar da yaro mece ce talla. A gaya masa a sarari cewa tauraron nan biyansa aka yi, gwanintarsa kuma a ƙwallo take, ba ta sa ya zama malami a kan abin da ya dace da rayuwa. Zagin tauraron a gaban yaro ba ya haifar da komai sai taurin kai. A ce masa ya ɗauki juriyarsa da horonsa, ya bar masa sauran.

Na biyar, a ba yaro madadi. Wanda aka karɓe wa abu ba a ba shi wani ba, zai nemo shi a ɓoye a gidan abokai. A bar yara su buga ƙwallo ta gaskiya, su yi gudu da langa da kokawa, su gaji su yi barci. Muna da namu zakarun da suka ɗaga sunan ƙasa da ƙarfin jikinsu, tun daga Issaka Dabore, wanda ya samo lambar tagulla a dambe a wasannin Olamfik na 1972, har zuwa Abdoul Razak Issoufou Alfaga, wanda ya samo ta azurfa a tekwando a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. A fagen kokawarmu ta gargajiya, wanda ya yi kaye yakan miƙa hannu ya tayar da wanda ya kayar, wannan kuwa darasi ne da yaro ba zai samu a tsibirin Free Fire ba.

Na shida, limamai da malaman makarantun Islamiyya su riƙa ba yara labarin sahabbai da salihan bayi cikin salo mai daɗi, domin aya ta 21 ta Suratul Ahzab ta nuna mana inda kyakkyawan abin koyi yake. Zuciyar yaro ba ta zama ba gwarzo a cikinta. Idan ba mu cika ta ba, ɗan kasuwa zai cika ta.

Daga ƙarshe, muna kira ga namu ƴan wasa, ƴan ƙwallo da ƴan kokawa da duk wanda Allah ya ba suna a cikin jama'a, da su sani cewa farin jini amana ne, za a kuma tambaye su a kan abin da suka kira mutane zuwa gare shi. Iyaye kuma su tuna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya sanya tausayi a zukatansu, ya zaunar da ƙasarmu da sauran ƙasashen musulmi lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.